Bikin Furanni na Chelsea da Lambun da Zai Rayu Bayan an Watse

 Manoman rani da ke bakin fadama, 'yan lambu masu sammakon ban-ruwa, iyayenmu mata masu ɗan zogale da yakuwa a bayan ɗaki, sannunku da aiki. Yau a shirinmu na noma da muhalli tafiyar tamu mai nisa ce, birnin Landan na ƙasar Ingila za mu, wajen wani bikin lambu da ya haura shekara ɗari ana yinsa. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne sauyin da ya same shi a 'yan shekarun nan, domin masu bikin sun fara watsar da wasu abubuwa da mu a nan muke ta rububin kwaikwayo.

Da yawanmu in aka ce Chelsea, ƙwallon ƙafa ke faɗo mana a rai. To, Chelsea unguwa ce a Landan, a bakin Kogin Thames. A cikinta akwai wani tsohon gida da Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1682 domin tsofaffin sojoji, kuma har yau tsofaffin sojojin ne a ciki, da jajayen kwat ɗinsu. A filin wannan gida ake yin bikin baje kolin furanni da lambuna tun 1913, a watan Mayu, kwana biyar, daga Talata zuwa Asabar. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya, wadda ake taƙaita sunanta da RHS, ita ce mai bikin, kuma ita kanta tun 1804 aka kafa ta. Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sun tsayar da bikin na wasu shekaru, annobar korona ta hana taruwa a 2020, amma ban da wannan duk shekara ana yi. Kimanin mutum 150,000 ne ke sayen tikiti su shiga, gidan sarautar ƙasar kan leƙo ranar Litinin kafin a buɗe wa jama'a, gidajen talabijin kuma su kwashe makon suna nunawa.

In ka shiga za ka tarar da wata ƙatuwar rumfa a tsakiya, inda masu renon tsirrai ke jera hajarsu. A waje kuma, gefen hanya, ga lambunan gasa. Kowanne wani gwanin tsara lambu ne ya zana shi, wani kamfani ko ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyinsa. Alƙalai su zagaya su duba, su ba da lambar zinariya ko ta azurfa ko ta tagulla, sannan su zaɓi gwarzon shekara. Abin da ya yi fice a Chelsea bana, baɗi shi za ka gani a gidajen mutane da farfajiyar otal-otal, a Ingila da wajenta. Shi ya sa abin da ake yabawa a can yake da nauyi.

Bari in ba ku labarin yadda ake yin waɗannan lambuna, don a nan ƙorafin ya samo asali. Fili ne na ciyawa, babu komai. Cikin kimanin mako uku sai a shigo da manyan motoci da injin ɗaga kaya, a haƙa ƙasa, a zuba siminti, a gina bango da tafki, a sauke bishiyoyin da suka shekara ashirin ko talatin a wani wuri, a binne saiwarsu yadda mai kallo zai rantse nan suka tsiro. Furannin kuwa an daɗe ana lallaɓa su: wanda ya yi saurin buɗewa a sa shi a ɗaki mai sanyi ya dakata, wanda ya yi nawa a kai shi ɗaki mai ɗumi ya hanzarta, duk don su buɗe tare a makon bikin. Babban lambu ɗaya yakan ci ɗaruruwan dubban fam. Ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a kaɗa ƙararrawa, a shiga sayar da tsirrai, ka ga mutane sun nufi tashar jirgin ƙasa rungume da furen da ya fi su tsawo. Bayan 'yan kwanaki an rushe komai. Shekara da shekaru, kaya masu yawa daga cikin abin da aka gina juji suke ƙarewa.

Kwalliyar ranar salla ke nan, wadda ba a shiga gona da ita. Masu suka sun daɗe suna tambaya: lambun da aka yi don kwana biyar, me zai koya wa mutumin da yake son nasa ya rayu shekara hamsin?

Yanayi ne ya tilasta a saurare su. Ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a wani ƙauye mai suna Coningsby, abin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin Birtaniya. Mu a nan digiri arba'in a watan Afrilu ba labari ba ne, amma ƙasar da ta saba da yayyafi da hazo ba ta shirya masa ba. Koriyar ciyawar da Ingilawa ke tinƙaho da ita ta ƙone ta koma ruwan ƙasa, kamfanonin ruwa a yankuna da dama suka hana ban-ruwa da tiyo, manyan bishiyoyi suka mutu. Da sanyi kuma sai ruwan sama ya zo da yawa lokaci guda, ya rasa inda zai nutse saboda an shafe gaban gidaje da siminti don ajiye mota, ya cika kwatoci ya shiga ɗakuna.

Tun kafin wannan fari ƙungiyar ta fara sauya dokoki, bayansa kuma ta ƙara ƙaimi. Daga 2021 ta hana amfani da wani koren soso na roba da masu ƙawata fure ke soka furanni a ciki, saboda yana marmashewa ya bi ruwa, kuma ba ya ruɓewa. A 2022 ta hana ciyawar roba. Sannan ta ce duk wanda zai gina lambun gasa sai ya faɗi inda lambun zai koma bayan biki, ko dai a ɗauke shi ɗungurungum a dasa a asibiti ko makaranta ko unguwa, ko a raba kayansa ga masu buƙata. A 2024 aka fara tantance zanen manyan lambuna tun a takarda: daga ina dutsen zai zo, siminti nawa za a zuba, ina sharar za ta. Batun siminti ba ƙarami ba ne, domin sarrafa shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya, wadda ke ƙara ɗumamar yanayi. Sai ga gwanaye suna komawa ginin ƙasa, da jera dutse ba siminti, da tsofaffin katako, da ɓaraguzan gini da aka niƙa aka yi daɓe da su.

Akwai wata rigimar da ta fi waɗannan wuya. Shekaru da dama masu renon tsirrai a Turai suna cika tukwanensu da wata baƙar ƙasa mai laushi da ake haƙowa daga dausayi. Ganyaye ne da gansakuka da suka mutu cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba, suka yi ta taruwa, kimanin milimita ɗaya a shekara. Wato kaurin mita ɗaya sai an shekara dubu. Irin wannan dausayi kashi 3 cikin ɗari ne kacal na doron ƙasa, amma kabon da ya riƙe ya fi na dukan dazuzzukan duniya. Da an yashe shi an shanya, kabon ɗin ya tashi sama. Ƙungiyar ta ɗaura aniyar raba bukukuwanta da wannan ƙasa, masu reno kuma suna ta gwada ɓawon itace da zaren kwakwa da takin shara a madadinta, wasu na kukan cewa tsirransu ba sa yin kyau kamar da. Ina ganin kukan nasu gaskiya ne, sana'arsu ce, amma abin da aka shekara dubu ana tarawa bai kamata ya ƙare a tukunyar furen wata uku ba.

Sai kuma idon alƙalai ya sauya. A 2022 lambun da ya zama gwarzo, wanda Lulu Urquhart da Adam Hunt suka tsara, kwaikwayon wani lungu ne na daji a kudu maso yammacin Ingila, da rafi, da busasshiyar ciyawa, da madatsar ruwa irin wadda wata dabba mai suna biba ke ginawa da itatuwan da ta gwaguya da haƙoranta. An ƙarar da wannan dabba a Birtaniya kimanin shekara 400 da suka wuce saboda farauta, yanzu ana dawo da ita domin madatsunta suna rage gudun ambaliya, suna kuma ajiye ruwa don lokacin fari. A 2023 kuma aka ga ciyayin da a da ake tugewa da gudu an bar su da gangan a wasu manyan lambuna, saboda ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi na samun abinci a furensu. Ƙura ta tashi. Wasu fitattun masu shirin lambu a talabijin suka ce wannan daji ne, ina hannun mai lambu a ciki?

Ni a nawa ganin, masu wannan ƙorafi suna da rabin gaskiya. Lambu wuri ne da mutum ya killace don amfaninsa, dole a ga hannunsa da dabararsa, kuma duk manomi ya san abin da ciyawa ke yi wa shukar da aka yi wa sakaci. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa gwaninta tana nufin murƙushe wuri har ya manta asalinsa. Gwanin da ya san wace ciyawa zai bari a gefen fangali don ta kira ƙudan zuma, wace kuma zai cire tun ba ta yi iri ba, ya fi wanda ya feshe komai sanin aikinsa.

Lambun da ya fi burge ni cikin na shekarun nan shi ne gwarzon 2023, na Charlotte Harris da Hugo Bugg. Sun yi shi ne wa wata ƙungiyar agaji mai suna Horatio's Garden, wadda ke gina lambuna a asibitocin masu raunin laka. Kafin su ja layi ɗaya a takarda sai da suka zauna da majinyata suka ji ta bakinsu. Wanda ya yi wata da watanni kwance a gado, abin da ke sama yake gani, don haka aka zaɓi bishiyoyi masu ganye sakayau da haske ke ratsawa. Wanda ke kan keken guragu yana jin kowane gargada a jikinsa, don haka aka yi hanyoyi masu faɗi da santsi, waɗanda gadon asibiti zai bi, kuma daɓen ba siminti a ciki, ruwa yana nutsewa ta cikinsa. Tafkin ruwan an ɗaga shi daidai inda hannun mai zaune zai kai. Da aka watse, birnin Sheffield aka nufa da lambun, cibiyar masu raunin laka ta can. Tun daga farko da mutanen da za su zauna a cikinsa aka tsara shi, bikin zango ne kawai a hanya.

Amma tunanin yin lambun da zai ɗore yana da uwa, kuma ta riga dokokin nan da shekaru. Sunanta Beth Chatto, ta rasu a 2018. Ta ci lambar zinariya sau goma a jere a Chelsea a shekarun 1970 da 1980, da tsirran da wasu alƙalan lokacin ke wa kallon ciyayi. Gidanta yana yankin Essex, ɗaya daga wurare mafi ƙarancin ruwan sama a Ingila, kimanin milimita 500 a shekara. A farkon shekarun 1990 ta ɗauki tsohon filin ajiye motoci na gidan, ƙasa mai yashi da tsakuwa da tayoyi suka danne ta yi tauri. Ta sa aka farfasa ta da zurfi, aka cuɗa da taki, ta shimfiɗa tiyo a ƙasa tana lanƙwasa shi har ta fitar da siffar hanyoyi kamar busasshen rafi. Sannan ta zaɓo tsirran da asalinsu na ƙasashen fari ne, masu ganye toka-toka, masu ganye ƙanana ko masu kauri da ke riƙe ruwa, masu saiwa mai nisa. Aka jiƙa su sosai ranar dashe, daga baya aka rufe ƙasar da tsakuwa, ta kuma yanke hukuncin cewa ba za a yi wa wurin ban-ruwa ba. Abin da ya mutu a maye gurbinsa da wanda zai jure. Fiye da shekara talatin ke nan lambun yana nan, mutane na zuwa kallonsa daga ƙasashe.

Kada wani ya ji wannan ya ce zai dasa lambu a Katsina ko Damagaram ya hana shi ruwa. Ruwan Essex yana sauka kaɗan-kaɗan duk shekara, ranarsu kuma ba ta da kaifin tamu, mu kuwa namu yana zuwa cikin wata huɗu sannan a yi wata bakwai ko takwas ba ɗigo. Abin ɗauka a wurin wannan baiwar Allah shi ne tsarin aikinta: ta fara karantar ƙasarta da ruwanta, sannan ta nemo shukar da ta dace da su. Yawancinmu akasin haka muke yi, mu ga shuka ta burge mu a hoto, mu sayo, sannan mu shiga wahalar sauya mata duniya.

Masu sauraro, ku zagaya sababbin unguwanninmu ku gani. Mutum ya gama gini, abu na farko ya sare bishiyar da ya tarar a filin, ko kurna ce ko aduwa ko tsamiya. Sai a shafe tsakar gida da siminti ko intalok daga bango zuwa bango. A bar ɗan siririn wuri a shuka ciyawar Turawa mai shan ruwa safe da yamma, ko a shimfiɗa ta roba, wadda da azahar ko yaro ba ya iya takawa. Watan Afrilu gidan ya zama tanda, bango da daɓe suna amayar da zafi har tsakar dare. Watan Agusta kuma duk ruwan da ya sauka a gidan ya kwarara titi, ya haɗu da na maƙwabta, ya je ya ci gidan talakan da ke gangare. Abin yana damuna ƙwarai, domin da kuɗinmu muke sayen abin da masu shi suka gwada suka ga illarsa suke janyewa.

To ta ina ake farawa? Kafin ka sayi ko tsiro ɗaya, ɗauki kwanaki kana kallon filinka. Ina rana ke bugawa da la'asar? Bangon yamma shi ke shan zafin da ke hana barci, can ya kamata inuwa ta faɗa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa da iskarsa, shi ya sa magina na da suke ba bangon gabas kulawa ta musamman. Shingen lalle ko jerin zogale a wannan ɓangare zai kare ƙananan shuke-shuke. Babbar bishiya irin mangwaro ko darbejiya a nisanta ta da bango da ramin masai, saiwarta ba ta da kunya. In an yi ruwa, fito ka tsaya ka ga inda yake bi da inda yake kwanciya. Wurin da yake kwanciya nan ne gidan ayaba da gwanda da rake. Tudun da ke saurin bushewa a bar wa magarya da lalle. Hanyar da ake takawa kaɗai za a daɓe, sauran a bar ƙasa ta sha ruwa.

Batun ruwa, a 2024 ƙungiyar WaterAid ta kawo wani lambu Chelsea wanda Tom Massey da Je Ahn suka tsara. A tsakiyarsa akwai rumfa mai siffar manyan mazurari, duk ruwan da ya sauka a kanta sai ya gangara a tace shi a ajiye, rarar kuma ta bi wasu kwaruruka masu shuke-shuke ta nutse a hankali. Ba sai ka mallaki irin wannan rumfa ba, rufin kwanonka ya isa. Ga lissafin: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. Rufin da ke da mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, in aka yi ruwa mai kyau na milimita 20, ya tara lita 2,000. Duro goma ke nan na lita 200, ko jarka 80 ta 'yan ga-ruwa, a dare ɗaya. A sa indararo da tanki, a bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi ya wuce, a rufe bakin tankin saboda sauro da yara. Wanda ya cika ya tumbatsa a ja shi zuwa gindin bishiya, kada ya fita titi.

A wannan shekarar ce ta 2024 aka fara ba da kyauta ta musamman ga lambun da ya fi kula da muhalli, kuma wanda ya ci, na Giulio Giorgi, daga Afirka ya aro dabararsa. Wani irin fangali ne da ya yaɗu a ƙasar Lesotho, inda fari da zaizayar ƙasa suka addabi mutane. Uwargida, saurara da kyau, domin wannan naki ne.

Ki kafa turke, ki ɗaura igiya mai tsawon mita ɗaya, ki zagaya ki shata da'ira. A tsakiya ki kafa sanduna ki zagaye su da waya ko zana, su zama kamar dogon kwando mai faɗin kamu biyu. A bakin da'irar ki jera duwatsu ko tubali ko fasassun bulo, ki ɗaga su zuwa gwiwa ko ƙugu, amma ki bar ɗan lungu ta gefe ɗaya wanda za ki shiga har ki taɓa kwandon. Cikin da'irar ki fara zuba karare da ƙirare a ƙasa, sai busasshen ganye, sai toka kaɗan, sai ruɓaɓɓen taki, sai ƙasa mai kyau a sama, ki yi mata ɗan gangare daga kwandon zuwa bango. Shi ke nan. Ɓawon albasa, ɓawon ƙwai, ragowar ganyen miya, duk cikin kwandon za su, ruwan wankin shinkafa da na alwala ma ta nan za ki zuba. Ruwan yana ratsa sharar, ya kwashi abincin shuka ya kai wa saiwa ta ƙarƙashi, inda rana ba ta ƙafar da shi. Alayyafo, lalo, rama, albasa mai lawashi, tattasai, duk suna yi. Tsohuwa mai ciwon baya za ta iya aikinsa ba tare da ta sunkuya sosai ba. Abu biyu za a kiyaye: ruwan da ya sha omo ko bilic kada ya shiga, gishirinsa yana kashe ƙasa a hankali, kashin kaji ɗanye kuma yana ƙona saiwa, sai ya ruɓe tukuna.

Wanda ba shi da filin wannan ma yana da hanya. Tulun ƙasa marar fenti, a binne shi har wuya, a cika da ruwa a rufe bakinsa, a shuka tumatir ko barkono kewaye da shi. Tulun yana tsattsafo da ruwa daidai yadda ƙasar ta bushe. A rufe saman ƙasa da ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu uku, kada ya manne da karan shukar. In gara ta ci, ba asara ba ce gaba ɗaya, tana buɗa ƙasa ruwa ya shiga. Manoman Burkina Faso da Nijar masu haƙa ramukan tassa sun daɗe da sanin haka.

Wani zai ce, malam, duk wannan abinci ne, ina ado? A 2019 an kawo wani lambu Chelsea wanda Jilayne Rickards ta tsara wa CAMFED, ƙungiyar da ke tallafa wa karatun 'ya'ya mata a Afirka. Kwaikwayon lambun makaranta ne a karkarar Zimbabuwe: jar ƙasa, ɗakin aji, ayaba, masara, wake, dankali, kuɓewa. Ya ci lambar zinariya, jama'a kuma suka zaɓe shi a rukuninsa. Turawa sun biya kuɗi sun yi layi suna kallon abin da mu muke ɓoyewa a bayan ɗaki. Ku tsaya ku kalli furen kuɓewa da safe, ruwan ɗorawa da jan ciki, ko jan karan yakuwa, ko kabewa in ta hau rumfa ta yi inuwa, ko ƙamshin furen lalle da dare. Wanda ya iya jera waɗannan, dogo a baya, gajere a gaba, mai yaɗo a kan danga, ya samu ado da miya a wuri ɗaya. Irinsu kuma yana hannunmu, ba sai an saya duk shekara ba: a bar 'ya'yan da suka fi kyau su ƙosa a jikin uwa, a shanya a inuwa, a ajiye da toka a kwalba.

Kan maganin feshi, magana ɗaya zan yi. Kabewa da kankana da gurji ba sa 'ya'ya sai ƙwaro ya ɗauki garin fure daga wannan ya kai wancan. Wanda ya yi feshi da hantsi, lokacin da furanni ke buɗe ƙudan zuma na kai-komo, ma'aikatansa ya kashe. In feshin ya zama dole a bari sai yamma, a fara kuma da ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa kafin a kai ga na kanti.

Ban ce Chelsea ta wanke kanta tas ba. Har yanzu ana jigilar manyan bishiyoyi daga wasu ƙasashen Turai a mota, har yanzu tikitin ya fi ƙarfin talakan Landan, kuma lambun da aka ɗauke aka kai wani gari sai ya samu mai kula da shi shekara da shekaru kafin a ce ya rayu. Amma tambayar da suka fara yi wa kowane gwani, ina lambunka zai kasance bayan an watse, tambaya ce mai kyau, kuma mu ma za mu iya yin ta.

Ina kira ga shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin matasa na unguwa, da malaman gona na ƙananan hukumomi: ku shirya gasar lambu a tsakaninku. Kowace makaranta ko kowane layi a ba su fili daidai wa daida, a ƙayyade ruwan da za su yi amfani da shi, a hana sayo shukar da ta riga ta girma. Alƙalai kuma kada su zo a watan Agusta, lokacin da ko kan juji kore ne. Su zo a ƙarshen Afrilu, su duba wace shuka ce ke tsaye, su tona ƙasa da yatsa su ji ko da danshi, su tambayi yaran jarka nawa suke zubawa a mako, su kuma ga abin da aka tsinka aka kai gida.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna kan haɗa takin shara a rami, tun daga zurfin ramin har zuwa yadda ake gane ya nuna. Mai tambaya ya aiko, za mu karanta a shirin. Allah ya ba mu damina mai albarka, a huta lafiya.